Gardamar da Yaya Ba Ta Gama Ba

Yayata ta koyar da ilimin halittu shekara talatin da ɗaya a makarantar sakandare guda, ba ta taɓa neman canji ba. Ni ma a nan na yi aikina, amma a ofis, gaban tafireta, ina buga jarrabawa da wasiƙu da jerin sunaye. Ita ta nema mini aikin bayan rasuwar mijina, kuma a gidanta na zauna, a ɗakin da ke kusa da kicin. Abin da zan faɗa a kanta ba ji na yi a bakin wani ba. Tare muke fita da safe, tare muke dawowa.

Doguwa ce siririya, mai saurin tafiya kamar ta bar tukunya a wuta. Ɗalibai Malama Tukuna suke ce mata, don duk amsar da yarinya ta bayar sai ta ɗaga alli ta ce tukuna, wa ya gaya miki, kin gani da idonki? A gida ma haka take. Ko cewa aka yi hadari ya haɗo sai ta leƙa taga kafin ta yarda a kwashe shanya. Mijinta ma'aikacin gidan waya ne, mutum shiru-shiru, yakan ce shi kaɗai ne namijin da aka sa ya kawo hujja kafin a yarda yana jin yunwa. Ba su samu haihuwa ba. Ciki uku ta yi, duka suka zube, na ƙarshen yana wata bakwai. Ba ta maganar, mu ma ba ma yi.

Aminiyarta malamar lissafi ce, gajera mai jiki, mai dariya har da riƙe ciki. Ita kuma Malama Daidai ake ce mata, don in ɗaliba ta ci amsa sai ta ƙwanƙwasa allo sau biyu da alli ta ce daidai. Teburansu a jere suke a ɗakin malamai, jikin taga. Junansu kuwa mutuniyar suke kira. Shekara goma sha huɗu suka yi suna gardama guda ɗaya, kullum a hutun ƙarfe goma, da kofin shayi a hannu.

Malama Daidai cewa take duk abin da ke cikin duniyar nan a aune yake. Rana ba ta taɓa makara ba, zuma ba ta je makaranta ba amma kowane ɗaki a saƙarta kusurwa shida ne, ganyen bishiya ba ya faɗuwa sai da dalilin da ya jawo dalili. In mutum bai ga tsarin ba, idonsa ne gajere. Yaya kuwa cewa take ita ba ta ce duniya ba ta da Mai ita ba, kada a sa mata magana a baki. Abin da ta ce shi ne, tsarin da mutuniyar take gani ita ta zana shi da rularta. Kifi yana zuba ƙwai dubu, biyu su rayu, kuma ba don sun fi sauran kirki ba. Akwai tsutsar da ba ta da wurin zama sai cikin idon yaro. Wanda ya leƙa halitta da kyau, in ji ta, abin da zai gani ya fi kama da kasuwa bayan gobara.

Shekarar da aka yi husufin rana, Malama Daidai ta zo da jarida wadda ta faɗi mintin da zai fara. Ta fito da makarantar gaba ɗaya fili, tana riƙe da agogo, kuma a kan mintin abin ya kama. Ta juyo ta dubi Yaya tana murmushi. Da haske ya dawo Yaya ta kama hannunta ta kai ta ɗakin gwaje-gwaje, ta sauko da wata kwalba daga saman kabad. Ɗan akuya ne mai kai biyu a ciki, jiƙe a ruwan magani tun kafin su zo makarantar. Ta tambaye ta shi kuma wannan a shafi na nawa jaridar ta faɗi zuwansa.

Na taɓa jin Malama Daidai tana cewa Yaya kamar ɗalibar da ta shigo aji a tsakiyar darasi ce, ta ga allo cike da lambobi ta ce shirme ne, alhali farkon ne ya wuce ta. Yaya ta ce ta yarda ana yin haka, amma fa wani allon yara ne suka samu alli malami ba ya nan. Malamin addini ya taɓa sa baki don ya raba su, sai suka haɗu a kansa su biyu da tambayoyi har shayinsa ya huce. Daga ranar ya ce shi ba ya shiga tsakanin harshe da haƙori.

Duk da haka ba a taɓa ganin ɗaya ta ci abinci ba tare da ɗayar ba. Da cikin Yaya na uku ya zube, Malama Daidai ce ta yi mako guda tana zirga-zirga asibiti, kuma a makon nan ko sau ɗaya ba ta ce mata ai komai da dalilinsa ba. Yaya ta gaya mini daga baya cewa wannan shirun ne ya sa ta san ta yi aminiya.

Abin ya faru ran wata Talata, makon jarrabawar ƙarshen shekara, wajen ƙarfe goma da kwata na safe. Yaya ce ke da tsaron jarrabawa a babban ɗakin da ke bene. Malama Daidai ba ta da komai a ranar sai bayan azahar. Rako ta kawai ta yi, don ƙararrawa ta katse musu magana ba ta gama ba. Ina tsaye a ƙofar ofis, na miƙa wa Yaya ambulan ɗin takardu, ina kallon bayansu suna tsallaka fili.

A saman ƙofar ginin benen akwai wata 'yar rumfa ta kankare, irin wadda ake yi don kare ruwa. Shekara ashirin da biyu tana wurin, ɗaruruwan yara suna bi ta ƙarƙashinta kullum. Saura kaɗan su kai, igiyar takalmin Yaya ta tsinke. Ta duƙa tana tsaki. Malama Daidai ta karɓi ambulan ɗin daga hannunta don ta samu ta gyara, ta ci gaba da tafiya a hankali, tana waiwaye tana magana.

"Mutuniyar, abin da kika kasa ganewa shi ne..."

Iyakar abin da ta ce ke nan. Babu iska, babu hadari, babu wanda ya taɓa ginin. Rumfar ta saki daga bango ta sauko gaba ɗaya. Ƙarar ba ta ma kai yadda mutum zai zata ba. Da ƙura ta lafa, Yaya tana duƙe yadda take, takalmi a hannu, ko ƙwarzane babu a jikinta. Daga baya ta koma ta auna: taku huɗu ne tsakaninsu.

Ba ta yi kuka ba a ranar, ba ta yi ba a zaman makoki. Mijin marigayiyar, wani mai sayar da magani, mutum mai sanyin hali, ya zo inda take zaune ya ce mata kada ta sa komai a ranta, kwana ne ya ƙare, ko a gado take da sai ta tafi a wannan mintin. Har godiya ya yi mata don zaman amanar da suka yi. Da muka fito Yaya ta ce mini da ya zage ta da ta fi samun sauƙi.

Da aka koma makaranta ba wanda ya iya zama a kujerar jikin taga. Masinja ya so ya fitar da teburin, Yaya ta ce a bar shi. A hutun ƙarfe goma sai ta haɗa shayinta ta zauna ta juya kujera wajen teburin da ba kowa, ta sha a hankali har a kaɗa ƙararrawa. Sauran malamai suka koma yin hirarsu a baranda.

Sai ta fara bin sawu. Ta sayi littafin rubutu mai bango baƙi, ta rubuta ranar da lokacin a tsakiyar shafi, ta fara ja da baya. Takalmin nan kwana uku kafin ranar ta kai shi gyara. Ta je wajen mai gyaran, a bakin titin da ke bayan tasha, ta tambaye shi da wane zare ya ɗinka. Mutumin ya tsorata, ya zaci rigima ta kawo. Da ya ga tambaya ce kawai sai ya ce gaskiya zarensa mai ƙarfi ya ƙare a ranar, shagon da yake saya kuma a rufe yake, sai ya yi da siriri ya ninka. Ta je shagon. Mai shagon ya ce ya rufe ne don ya kai mahaifiyarsa a cire mata haƙori. Yaya ta rubuta haƙori, ta ja kibiya.

Ta ɗaya gefen kuma ta bi rumfar. Masu binciken da aka turo sun ce ruwa ne ya daɗe yana tsatsafowa daga bututun tanki yana shiga bango, har rodin ciki ya yi tsatsa ya cinye. Wannan bai ishe ta ba. Ta yi wata biyu tana cigiya har ta gano maginin da ya yi aikin, tsoho tukuf, idonsa ya tafi, yana zaune a ƙofar gidan ɗansa. Ni na raka ta. Ya tuna ginin. Ya ce ranar da suka zuba kankaren rumfar ruwan sama ya sauko musu kafin ya kama, suka rufe da buhuna, da safe suka duba suka ga kamar ba komai. Da ya ji abin da ya faru sai ya yi ta juya hannuwansa a cinya, yana tambaya ko marigayiyar tana da 'ya'ya. Da muka dawo muka sauka daga mota, Yaya ta juyo wajena. Ta ce mini ta je neman wanda za ta ɗora wa ne, ta ƙare ta ɗora wa makaho kayan da ba zai iya saukewa ba.

Littafin ya cika da kibiyoyi. Haƙorin tsohuwa, ruwan saman shekara ashirin da biyu baya, ƙararrawar da aka kaɗa da wuri da minti uku don agogon ofis yana gudu. Kowace kibiya in ta bi ta sai ta haifi biyu. Maigidan ya gaji ya ce mata ta bar wa Allah. Ta ce ta bar masa tun ranar, amma bai ce kada ta yi tambaya ba.

Akwai kibiya ɗaya da ni na sani, kuma na yi shekara shida ina ɓoye ta. A jerin masu tsaron jarrabawa da mataimakin shugaba ya rubuta da hannu, Yaya a ɗakin gwaje-gwaje take ranar Talata, can ɗaya ɓangaren makarantar. Ni ce da nake bugawa idona ya tsallake layi, na sa sunanta a bene. Na gani bayan na cire takardar, amma na ji ƙyuyar sake bugawa, na ce ai duk tsaro tsaro ne. Ba wanda ya lura. Bayan abin ya faru na ɗauke takardar hannun daga fayil na ƙona a murhu. Tun daga nan in na zauna gaban tafireta sai na bi kowane layi da rula, har aka fara yabona wai na fi kowa kula.

Malama Daidai ta bar 'ya ɗaya, mai shekara tara, kamarta sak har gajartar. Uban yana shago tun safe har magariba, sai yarinyar ta riƙa biyo mu gida bayan an tashi, kafin ya zo ya ɗauke ta. Da farko awa biyu ne. Daga baya aka bar mata kayan sawa a gidanmu, aka sayi ƙaramar katifa. Da uban ya sake aure ya koma wani gari, shi da kansa ya zo ya roƙi a bar ta wajen Yaya don kada karatunta ya katse. Ba a cika shekara biyu ba yarinyar ta daina ce mata Malama, ta koma Mama. Maigidan, wanda ban taɓa ganin ya yi gudu ba, na gan shi yana bin keke a layi yana riƙe da sirdi yana haki.

Wata rana wata maƙwabciyarmu ta shigo ta tarar Yaya tana yi wa yarinyar kitso. Da kyakkyawar niyya ta ce ikon Allah ke nan, dubi yadda ya tsara abinsa, ya hana ta ta nan ya ba ta ta can. Yaya ta ƙarasa layin da take kai, ta ce wa yarinyar ta je ta wanke hannu. Sannan ta tashi ta buɗe ƙofa ta tsaya riƙe da ita har matar ta gane ta fita. Ba ta sake shigowa gidanmu ba.

Da yammar nan na same ta a kicin, ta ɗora ruwa ya tafasa ya kusa ƙonewa ba ta sani ba. Na sauke. Ba ta dube ni ba ta fara magana.

"Kin ga inda ta ajiye ni? In gaskiyar mutuniyar ce, komai a tsare yake, to an tsinke igiyar takalmina ne don in samu 'ya. An kashe mata uwa aka ba ni. Kullum na ji daɗin yarinyar nan, ribar rumfar nan nake ci."

Na ce to ai ba sai ta yarda da hakan ba, ta tsaya a kan nata ra'ayin.

"In kuma gaskiyata ce, ta mutu ne a kan zare da haƙorin tsohuwa. Ba dalili, ba komai. Duk abin da ta yi imani da shi shekara arba'in, rumfa ta ƙaryata shi a gabana. Ki gaya mini wanne zan zaɓa in yi barci."

Na zuba ruwan a fulas.

Daga wannan lokacin ne na fara jin tana magana ita kaɗai. Ba da ƙarfi ba, kuma ba a gaban mutane ba. Da la'asar, in tana yankan albasa ko tana guga, sai in ji ta daga ɗakina tana cewa tukuna, mutuniyar, wannan ba hujja ba ce. Sai ta yi shiru kamar mai sauraro, sannan ta amsa. Na saba da wannan. Abin da ya tayar mini da tsikar jiki shi ne ranar da na ji shirun ya cike. Murya ce ta ɗan fi tata kauri, mai jan ƙarshen kalma yadda marigayiyar take yi, tana cewa ke dai idonki ne gajere. Na leƙa. Yaya ce kaɗai, tana tsaye gaban teburin guga, dutsen yana kan rigar maigidan har ta fara ƙauri.

Ba hauka ba ce, kada wani ya ɗauka haka. Aikinta bai taɓa samun tangarɗa ba, ɗalibanta suka ci gaba da cin jarrabawa. Abin da ya faru shi ne, ta san mutuniyar tata sosai har tana iya amsa wa kanta a madadinta, kuma ta kasa dainawa. Maganar da aka yanke a bakin ƙofa ce take cin ta. Ta taɓa lissafa mini ƙarasawa har goma sha ɗaya da ta gwada, abin da kika kasa ganewa shi ne kaza, shi ne kaza, ta ce duk ba su yi kama da ita ba. Ta ce mai yiwuwa ma ba wata babbar magana ba ce, ƙila tsokana ce kawai za ta yi a kan tsakin da ta ji.

Yarinyar ba ta son lissafi, abin da ya ba kowa mamaki. Yaya ta roƙi uban ya kawo littattafan darasin marigayiyar, kwali biyu. Ta zauna ta koyi lissafin da ta tsana tun tana ɗaliba, shafi bayan shafi, don ta koya mata. Wata rana na shigo na ga aikin gida a tebur, an gyara da jan biro. Bakwai mai sanda a tsakiya, huɗu mai buɗaɗɗen kai, hannun Malama Daidai ne sak, wanda na yi shekaru ina bugawa daga gare shi. Na nuna wa Yaya. Ta daɗe tana kallon takardar, ta ce ba ta san ta fara haka ba.

Ɗalibai kuma suka ƙirƙiri nasu. Wai in aka bi ta ajin lissafi na da bayan an tashi, ana jin ƙwanƙwasa allo sau biyu. Shugaba ya hana maganar a taron safe. Na tambayi Yaya ko ta taɓa ji. Na zaci za ta ce tukuna. Sai ta ce taga ce mai sakakken ƙarfe, ta duba da kanta. Sannan ta ƙara da cewa duk da haka takan tsaya ta saurara.

A shekara ta shida na gaya mata nawa. Ranar Asabar ce, muna wanki a bayan gida, yarinyar ta tafi ɗaukar darasi. Ban shirya ba, kawai na ga bayan Yaya a duƙe kan baho, maganar ta fito. Na faɗa mata layin da na tsallake, da ƙyuyar, da takardar da na ƙona. Ta ci gaba da cuɗa zanen da ke hannunta har ta matse shi.

"Na sani," ta ce. "Tun makon farko na tambayi mataimaki, ya ce shi a ɗakin gwaje-gwaje ya sa ni."

Na tambaye ta me ya sa ba ta taɓa faɗa ba.

"Me zan ce miki? Kina shafi na huɗu. Tsakanin agogo da haƙori. Ba ki fi su laifi ba, ba ki kuma fi su rashin laifi ba. Miƙo mini sabulu."

A ranar ne na yi kukan da ban yi ba shekara shida, ita kuwa ta ƙarasa wankin mu biyu ta shanya. Da yamma na ga ta ɗauko baƙin littafin daga ƙarƙashin katifa ta kai shi cikin akwatin tsofaffin takardu. Ban sake ganin ta buɗe shi ba. Maganar la'asar dai ba ta daina ba.

Ta yi ritaya, maigidan ya rasu bayan shekara uku da ciwon zuciya, a kujerarsa, rediyo a kunne. Yarinyar ta girma ta karanci aikin jinya, ta yi aure a unguwar da ba ta da nisa da mu. Muka rage mu biyu a gidan, tsofaffi, muna faɗa a kan wa ya bar famfo a buɗe. Ciwon suga ya kama Yaya, saurin tafiyar ya tafi, ido ya fara hazo. A shekarun nan in muna hira sai in rasa da wa nake magana. Yau ta ce mini dubi tururuwan nan, ko wacce ta san layinta, wa ya koya musu. Gobe in na maimaita mata ta ce tukuna, kin ƙirga waɗanda aka take? Na taɓa tsokanarta na ce ta zaɓi gefe ɗaya mu huta. Ta ce in ta zaɓa, ɗayarsu ce za ta tashi daga teburin.

Da 'yar tata ta zo haihuwar fari, Yaya ta ce sai an kai ta asibitin, ko da a kujera ne. Muka zauna a benci a doguwar baranda tun hantsi. Naƙudar ta yi tsawo. Yaya ba ta ci komai ba, hannunta a cikin nawa sanyi ƙalau. Na san abin da take tunawa, don a irin wannan barandar na zauna mata sau uku. Bayan azahar ungozoma ta leƙo ta ce an sauka lafiya, mace ce.

Aka shigar da mu. Aka ɗora mata jaririyar a cinya, a naɗe cikin tawul. Da yake ba ta gani sosai, da hannu ta duba ta, yadda ta saba duba komai: kai, kunnuwa, ƙirji, ƙafafu. Ta kama hannun dama ta bi yatsun ɗaya bayan ɗaya. Ta koma na hagu, ta bi, ta tsaya, ta sake bi daga farko. A gefen ƙaramin yatsa akwai wani ɗan ƙarami, cindo, har da ɗan farcensa.

Uwar ta ce daga gado, a gajiye, ba komai ba ne Mama, likita ya ce ana cirewa cikin minti biyar. Yaya ba ta ji ta ba. Ta riƙe ɗan yatsan tsakanin nata biyu, kafaɗunta suka fara rawa, na zaci kuka ne, ashe dariya ce, ko kuma duka biyun. Ta juya kanta gefen hagu, inda ba kowa sai ƙarfen rataye ledar ƙarin ruwa.

"To, mutuniyar," ta ce a hankali, "wannan fa, hujjata ce ko taki?"

Ta karkata kai tana jira. Ban san abin da aka amsa mata ba. Ta dai gyaɗa kai, ta ja tawul ta rufe hannun.

Ta roƙi kada a cire yatsan sai yarinyar ta girma ta faɗi ra'ayinta, iyayen suka yi mata kara suka bari. Wata biyar bayan nan Yaya ta rasu, da safe, bayan ta sha shayi, ina kicin ina wanke kofuna. Yarinyar yanzu tana aji uku, yatsan yana nan, kuma ta gaya mini a ajinsu ita kaɗai ce take iya ƙirga goma sha ɗaya ba tare da ta cire takalmi ba.